NEMAN YARON SHAGO A ZAMANIN INTANET

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu na hatsi ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a Sabo, Badun.

 

Kwamiti ya umarce ni in yi magana a kan yadda ɗan kasuwa zai nemi sabon ma'aikaci, watau yaron da bai taɓa aiki ba ko kuwa bai daɗe da farawa ba, ta hanyar bincike a intanet. Na san akwai dattawa a nan da za su ce, to mu da muke aika wa gida a turo mana yaro, me ya haɗa mu da wannan? Ku yi mini haƙuri kaɗan, zan zo wurin.

Tun da aka kafa Sabo a shekarar 1916, hanyar da iyayenmu suka bi guda ce. Mai gida yana da masauki, yana da dillalai, yana da yara. In ana bukatar hannu, sai a aika Kano ko Katsina ko Sakkwato, a ce a turo ɗan wane. Yaro ya zo, an san ubansa, an san malaminsa, in ya yi ba daidai ba an san ƙofar da za a buga. Da wannan tsari aka riƙe cinikin goro da na shanu shekaru aru-aru, Bahaushe ya ba da bashin dukiya mai yawa ba tare da takarda ba, kuma aka biya. Ba na raina shi, kuma har gobe in mai dako kake nema, ko mai gadi, ko yaron mota, wannan hanya ita ce hanya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma fa kasuwa ta canza mana a hannu. Kowa a nan ya tuna farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, yadda dare ɗaya ciniki ya koma cikin waya. Yau mai sayen wake buhu hamsin ba ya zuwa da kuɗi a jaka, tura maka zai yi. Akwai na'urar POS, akwai asusu biyu ko uku, akwai alat na bogi, akwai bashin matan kasuwa da ake biya kashi-kashi, akwai kuɗin mota da na lodi da na haraji a hanya tun daga Dawanau har Bodija. Wanda zai riƙe maka wannan sai ya iya karatun boko, ya iya lissafi a kwamfuta, ya iya Hausa domin mutanen Arewa masu turo kaya, ya iya Yarbanci domin masu saye. Ka aika ƙauye a turo maka yaro mai amana, za a turo. Amma amanarsa ba za ta gaya masa cewa kuɗin da aka ce an turo bai shigo ba. Shi ya sa da yawanmu muke rufe shago da dare ba mu san ko riba muka ci ko uwar kuɗi muke ci ba.

To irin wannan yaro yana nan a garin nan. Ga Jami'ar Badun tun 1948, ga kwalejin Poli tun 1970, ga masu yi wa ƙasa hidima da ake kawowa sansanin Iseyin kowane zango. Matsalar ita ce yadda za ka same shi. Wannan shi ne abin da na zo da shi.

Yawancin mutane in sun buɗe Google sai su rubuta masa magana kamar suna yi wa mutum bayani: ina neman akawu a Badun. Abin da zai fito maka tallace-tallacen wasu kamfanoni ne waɗanda su ma akawun suke nema. Ka je kasuwa sayen rago an haɗa ka da masu neman rago. Dalili shi ne, na'urar tana auna kalmomin da ka rubuta ne da kalmomin da ke cikin shafuka. Kalmar "vacancy" da kalmar "entry level" kalmomin mai ɗaukar aiki ne, don haka shafukan masu ɗaukar aiki za ta kawo. Kai kuwa abin da kake so shi ne shafin da yaron ya rubuta game da kansa. Saboda haka doka ta farko, kuma wadda ta fi duk sauran, ita ce: ka rubuta kalmar da shi yaron zai faɗa a kan kansa. Mu nan mun san wannan tun ba yau ba. In ka tsaya gaban Bayarabiya a Bodija kana cewa wake, wake, mudu nawa, sai ta yi ta kallonka. Ka ce ewa, ka ce kongo, nan take ciniki ya tashi.

Kuma a nan ne neman sabon hannu ya bambanta da neman ƙwararre. Ƙwararre yana da sunan muƙami, ya yi shekara goma yana akanta, ya rubuta haka a saman shafinsa. Yaron da ya gama makaranta bara ba shi da muƙami. Abin da yake da shi sawu ne guda huɗu ko biyar: makarantar da ya yi, takardar da ya samu, shekarar da ya gama, garin da yake, da harsunan da yake ji. Da waɗannan sawu za ka bi shi, kamar yadda makiyayi yake bin sawun saniyar da ta ɓace.

Yanzu ga makullan. Asalinsu tsoho ne, ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wani Baturen Ingila masanin lissafi, George Boole, shi ya tsara su a littafin da ya buga a 1854, ya rasu a 1864 bai taɓa ganin wutar lantarki a gidansa ba balle intanet. Malamanmu da suka karanta ilmin manɗiƙi ba za su ji baƙon abu ba a nan, domin kalmomi uku ne kacal: DA, KO, BANDA. Ina son mai Hausa DA Yarbanci. Ina son mai ND KO mai HND. Ina son kowa BANDA manaja. Shi ke nan, duk abin da zan faɗa nan gaba a kan waɗannan uku yake tafiya.

A Google, DA ba sai ka rubuta ta ba. Duk kalmomin da ka jera da fili a tsakaninsu, ya ɗauka kana son su duka. KO kuwa ana rubuta ta OR, kuma dole da manyan baƙaƙe, in ka rubuta da ƙanana sai ya ɗauke ta kalma ce kamar kowace. BANDA ita ce alamar ɗebewa ta lissafi, ka manna ta a jikin kalmar ba fili, kamar -manager. In ka bar fili tsakaninsu, ba ta aiki. Ku rubuta wannan, domin a nan mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe, su ce abin ƙarya ne.

Sai alamar zance, watau 'yan ƙananan waƙafi biyu-biyu da ake sa wa magana a sama. In ka sa kalmomi a cikinta, kana ce wa Google ne, yadda na rubuta haka nake so, a jere, kada ka canza mini. In ka rubuta corps member haka kawai, zai iya kawo maka shafin da ke da kalma ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In ka rubuta "corps member" cikin alamar zance, sai wanda ya rubuta su manne da juna.

Sai babban makulli, wanda ake kira site. Shi wannan kamar ka ce wa yaro, kada ka zagaya garin Badun duka, Sasa kaɗai za ka je. Ka rubuta site, ka sa ruwa biyu, ka manna sunan shafin, ba fili. Shafin da ya fi amfani wajen wannan aiki shi ne LinkedIn, wanda aka buɗe a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016. Can ne masu neman aiki suke rubuta tarihin karatunsu da abin da suka iya. Shafukan mutanen Nijeriya galibi suna farawa da ng.linkedin.com/in. To bari mu haɗa. A ce akawu nake nema wanda zai riƙe mini littafin shago. Sai in rubuta:

site:ng.linkedin.com/in Ibadan Hausa accounting OR accountancy "ND" OR "HND"

Ku lura da abu biyu. Na rubuta Ibadan, ban rubuta Badun ba, domin ba wanda yake rubuta Badun a takardar neman aiki. Na biyu, na sa accounting OR accountancy, saboda jami'o'i galibi da ta farko suke kiran wannan fanni, kwalejojin Poli kuwa da ta biyu. In ka sa ɗaya kaɗai, ka zubar da rabin mutanenka ba ka sani ba. Haka sunan aiki yake. Abin da mu muke kira akawu, wani zai rubuta cashier, wani bookkeeper, wani "accounts clerk". Mai kula da sito wani zai rubuta storekeeper a haɗe, wani "store keeper" a rabe, wani inventory. Kafin ka taɓa waya, zauna da takarda da biro ka jero duk sunayen da ake kiran abin, sa'an nan ka haɗa su da OR. Sai dai kada ka cika kaya, Google ba ya karanta fiye da kalmomi 32 a tambaya ɗaya, abin da ya haura sai ya yi watsi da shi bai gaya maka da ƙarfi ba.

To yaya za a tace a bar sababbi kawai? Hanya mafi kyau ita ce shekara. Ka ƙara shekarun nan biyu ko uku da suka wuce, alal misali 2023 OR 2024 OR 2025, ka riƙa matsar da su gaba yadda shekara take tafiya. Sa'an nan akwai kalmomin da sabon hannu kaɗai yake rubutawa: "fresh graduate", "corps member", intern, "industrial training", SIWES, da "open to work". Mutumin da ya shekara goma sha biyar a banki ba zai sa SIWES a saman shafinsa ba. Yaron da ya gama ND kuwa shi ne abin taƙamarsa, ba shi da wani.

Bari in ɗan tsaya a kan BANDA, domin wuƙa ce mai kaifi biyu. Za a ce maka ka rubuta -manager -senior -director don ka kori manya. Gaskiya ne za ta kore su. Amma za ta kori yaron da ya rubuta cewa ya yi wata shida yana taimaka wa manaja, alhali shi ne ainihin wanda kake nema. Kuma wani lokaci a gefen shafin mutum akan jero sunayen wasu mutane da muƙamansu, sai laifin maƙwabci ya shafe shi. Maganin wannan shi ne wani makulli mai suna intitle, wanda yake duba kan shafi kaɗai, inda suna da muƙami suke. Ka rubuta -intitle:manager, sai a kori wanda shi kansa manaja ne, a bar wanda ya ambaci manaja a cikin labarinsa. Shawarata, kada ka fara da BANDA. Fara da buɗe ƙofa, ka ga waɗanda suka shigo, in wata kalma ta dame ka da yawan fitowa, sa'an nan ka cire ta, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma filetype, na neman takardar CV kanta, watau takardar tarihin karatu da aiki, wadda wani ya ɗora a intanet. Misali:

filetype:pdf intitle:CV Ibadan Hausa Yoruba Excel -template -sample

Kalmomin biyu na ƙarshe don korar takardun koyi ne da ake sa wa ɗalibai su kwaikwaya. Ba zan ɓoye muku ba, wannan rijiya ruwanta kaɗan ne a ƙasarmu, yaranmu a waya suke ajiye CV ɗinsu, ba sa ɗorawa a fili. Ku gwada, amma kada ku ɓata yini a kanta. Tun 2019 kuma Google ya ƙara after da before, ka rubuta after:2024-01-01 don ka rage tsofaffin shafuka.

In kana da rajista a LinkedIn, kana iya bincike daga cikinsa, kuma sau da yawa ya fi, domin Google ba ya ganin komai sai abin da mai shafi ya bari a buɗe. A ciki ana rubuta AND da OR da NOT duka da manyan baƙaƙe, alamar zance tana aiki, ana kuma iya tara rukuni cikin baka biyu. Akwai wurin zaɓar gari da makaranta. Sai dai na kyauta yana da iyaka a wata, in ka cika bincike zai tsayar da kai ya ce ka biya. Ga mai shago ɗaya da ke neman mutum ɗaya, na kyautar ya isa.

Dandalin X, wanda ake kira Twitter har zuwa 2023, shi ma yana jin waɗannan makullai, kuma yana da amfani guda da ya fi sauran. Duk lokacin da aka saki masu yi wa ƙasa hidima daga sansani, za ka ga yara suna rubutawa suna neman wurin aiki, abin da suke kira PPA. Ka rubuta:

"PPA" Ibadan need OR looking since:2025-01-01

ka canza kwanan watan ya dace da zangon da ake ciki. Shirin NYSC tun 1973 yake, zamanin Janar Gowon, amma mu 'yan kasuwar Sabo kamar ba da mu aka yi shi ba. Alhali kasuwancin da ke da rajista yana iya rubuta wa ofishinsu na jiha ya nemi a turo masa mutum. Cikin waɗanda ake kawowa Iseyin akwai 'ya'yan Kano da Zariya da Gusau da Bauci, masu digiri, ba su san kowa ba a garin nan, suna neman inda za su ji Hausa su sami masallaci kusa. Shekara guda ce, kuma akwai rana ɗaya a mako da suke zuwa aikin gayya, sai ka yi lissafi da ita. In kun dace, ka riƙe shi bayan ya gama. Haka ɗaliban Poli, bayan ND sukan yi shekara guda ta koyon aiki kafin su koma HND. Waɗannan su ne sababbin hannu na gaskiya.

Facebook kuwa, kada ku wahalar da kanku da OR da alamar ɗebewa, ba ya bin su yadda Google yake bi. Abin da yake da shi shi ne wurin tace mutane ta gari da makaranta, da kuma zaurukan tsofaffin ɗalibai. Akwai kuma shafukan neman aiki irin su Jobberman, wanda ɗalibai uku na jami'ar Ile-Ife suka kafa a 2009, inda kai za ka sa talla su su zo. Wannan wata hanya ce dabam, ba ita ce maganarmu ta yau ba.

Akwai abin da nake so in ja kunnenmu a kai, kuma ina roƙon malamai su gyara mini in na kauce. Na ce ku sa Hausa a cikin bincike. Na faɗi haka ne don aikin yana bukatar harshen, mai turo kaya daga Fataskum ba zai yi waya da Turanci ba. Harshe na ce, ban ce ƙabila ba. In Bayarabe ya tashi a Mokola ko ya yi makaranta a Kaduna yana jin Hausa kamar jakin Kano, ya kuma iya lissafi, ya cancanta. Alamar ɗebewar nan tana iya cire sunan ƙabila ko addini kamar yadda take cire manaja, kuma akwai masu yin haka. Mu dai bai kamace mu ba. Mu ne muka san ɗacin abin. Yaro an haife shi a Sabo, an haifi ubansa a Sabo, ya je neman aiki ko gurbin karatu a ce ina takardar ɗan asalin jiha, a nan a ce shi ɗan Arewa ne, ya je Arewa a ce ba a san gidansu ba. Wanda aka yi wa haka bai kamata ya koyi yi wa wani ba. Kuma bayan abin da ya faru a Sasa a watan Fabrairun 2021, duk mai hankali ya san shagon da ɗan gari yake cin abinci a cikinsa ya fi zama lafiya.

To a ce ka sami sunaye biyar. Nan fa aikin na'ura ya ƙare, naka ya fara. Abin da ke shafin mutum shi ya rubuta da hannunsa, ba wanda ya tantance. Kada ka yi cinikin biri a sama. A Suratul Ƙasas, inda aka ba da labarin yadda aka ɗauki Annabi Musa aiki a Madyana, siffa biyu aka ambata, ƙarfi da amana. Bincike yana iya nuna maka alamar ƙarfi, watau iya aiki. Amana kuwa ba ta da makulli a Google. Ka kira shi ya zo shago da rana tsaka. Ka buɗe masa shafi ɗaya na littafin bashinka, ka rufe sunayen mutane, ka ce ya shigar a kwamfuta ya fitar maka da jimla. Rabin awa ya isa ka san ko Excel ɗin da ya rubuta na gaske ne. Sakamakon WAEC da na NECO ana iya dubawa a shafukansu da lambar jarrabawa da katin dubawa. Ka ga katin NIN ɗinsa, sunan ya dace da na takardun. Sa'an nan ka koma ga tsarin iyayenmu: wa zai tsaya maka? Ya kawo babba guda ko biyu, mai gida ko limami ko fasto ko malamin makarantarsa, wanda za ka je ka gani da idonka a inda yake zaune.

Shi ma yaron yana da hakki a kanmu, kuma yana da dalilin jin tsoro, domin 'yan damfara sun ɓata hanyar nan. Saƙon farko da za ka tura masa ka faɗi sunanka, da sunan shago, da inda yake, da inda ka ga bayaninsa, da irin aikin. Kada ka karɓi ko kwabo da sunan kuɗin fom. Kada ka riƙe ainihin takardun makarantarsa jingina, kwafi ya isa. In mace ce, a ce ta zo da wani nata. Kuma CV ɗin mutum da lambarsa da adireshinsa ba abin watsawa ba ne a zauren WhatsApp na ƙungiya. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, kuma tun kafin ita addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane. Abin da ya shafi aiki ka duba, hotunan bikin gidansu ba ruwanka.

Batun albashi, mu faɗa wa juna gaskiya. Duk wanda ya karanta Risala ya san ijara ba ta inganta sai an yanka lokaci an ambaci lada. Zancen "zo mu fara, ba za mu ɓata ba" shi yake haifar da rabin ƙararrakin da ake kawowa fadar Sarki. Dokar ƙwadago ma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Gaskiya ne dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, wanda kusan dukkanmu ne, amma yaro ya san wannan lamba, ya kuma san a 2025 aka fara ba mai hidimar ƙasa 77,000. In ka yi wahalar lalubo mai HND ka ce za ka ba shi abin da bai kai kuɗin motarsa ba, wata biyu zai yi ya tafi, ka dawo kana cewa yaran zamani ba su da haƙuri.

Yanzu ku na baya, 'ya'yanmu, ku matso da kunnuwanku, wannan taku ce. Duk abin da na koya wa iyayenku yau, manyan kamfanonin Ikko da na garin nan da shi suke neman ma'aikata kullum. Ni duk lokacin da na rubuta Hausa da Ibadan a wannan bincike, sunayen 'ya'yan Sabo da nake gani ba su taka kara sun karya ba, alhali na san gidajen da ke da mai ND yana tuƙa acaɓa, da mai NCE tana zaune a ɗaki. Kuna intanet dare da rana, amma da laƙabi, da hoton mota ko na ɗan ƙwallo. Mai neman akawu ba zai rubuta laƙabinka ba. Ku buɗe shafi da sunanku na gaskiya, yadda yake a NIN, rubutu iri ɗaya ko'ina, kada a nan Muhammad, can Mohammed, wani wuri Mamman. Ku sa gari, ku sa makaranta, da takarda, da shekarar gamawa. Ku sa harsunanku uku, Hausa da Yarbanci da Turanci, wanda ya yi Islamiyya sosai ya ƙara Larabci. Wannan baiwa ce da ɗan Kano ba shi da ita, ɗan Oyo ma ba shi da ita, ku kuka tashi da ita a bakin ƙofa, amma ba ku rubuta ta. Kuma wanda ya shekara biyar yana riƙe wa babansa littafin shago, ko yana zama a kan POS, ya rubuta, aiki ne. Kada ka ce ba ka taɓa aiki ba.

Ina roƙon kwamiti ya sa rana guda, Asabar bayan la'asar, a nan ɗakin taro. Yaranmu da suka iya su zo da kwamfuta biyu ko uku. Masu neman aiki su zo da takardunsu a buɗe musu shafi, 'yan mata su zo da yardar iyayensu, mata 'yan'uwansu su taimaka musu a ɓangarensu. Alhazai masu neman hannu su zo da takarda sun rubuta aikin da suke so da abin da za su iya biya, a zauna a haɗa musu kalmomin binciken a wayoyinsu, su adana. Misalan nan uku da na karanta na ba sakatare, za su fito a mujalla yadda suke, domin aya ɗaya ko fili ɗaya in ya kauce, ba za su yi aiki ba.

Na ga an ɗaga mini hannu lokacin salla ya matso. Mai tambaya ya same ni bayan an idar. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.